Shekarar da Na Yi Ina Cewa "Lafiya Lau"

Ranar da sunana ya fito cikin waɗanda suka samu gurbin karatu, a ƙarshen 2010, Abba ya dawo daga Kantin Kwari tun kafin magariba da tsire a leda, abin da bai saba ba. Ni ce 'yar fari a gidanmu, ni ce kuma mace ta farko a danginmu da za ta shiga jami'a. Gwaggona ta zo har tsakar gida ta rangaɗa guɗa. Cikin wannan murna babu wanda ya tsaya a kan cewa aikin jinya na nema, kimiyyar tsirrai aka ba ni, kuma a jami'ar da na saka a zaɓi na biyu, can wata jiha, tafiyar awa bakwai a mota. Ni kaina ban tsaya a kai ba. Abba ya ce, "Mamana, ki fara shiga tukuna. In an shiga ai canji ba ya wuya." Haka kowa ke faɗa a lokacin, har yau kuma ina jin iyaye suna faɗar haka.

Umma ta roƙi uwar adashensu aka ba ta ɗauka kafin lokacinta. Da kuɗin ta saya mini katifa da risho da bokiti biyu, ta ɗinka mini atamfa kala uku da kekenta. Ta cika wata jaka da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji da dambun nama, ta ɗaure bakinta da igiya. A tasha ba ta rungume ni ba, don ba ma haka a gidanmu. Cewa kawai ta yi, "Ke, a kula da sallah, a kula da abin da aka je yi."

Ɗakin da aka ba ni a makaranta na mutum huɗu ne, mu tara muke kwana a ciki. Ruwa sai an bi layi tun kafin asuba. Amma ba zan yi ƙarya in ce wannan ne ya karya ni ba, domin sauran takwas ɗin ma haka suke rayuwa, suna kuma dariyarsu. 'Yan ɗakinmu ba su da mugunta. Yawancinsu sun girme ni a aji, kowacce da ƙawayenta, ni kuma ba mai saurin sabo ba ce. Abin da ya fi cina shi ne zama a ɗakin lakca ina zana ganye da saiwa alhali raina yana wani wuri. Sati na uku na je na tambayi yadda ake canja kwas. Aka ce sai ƙarshen shekara, sai an ga sakamako, sai kuma idan akwai gurbi. Na fito ina gaya wa kaina cewa shekara ɗaya ce, zan daure.

Zango na farko na daure ɗin. A na biyu ne abubuwa suka fara kuɓuce mini. Sai in farka ƙarfe uku na dare, barci ya ƙi dawowa. In dafa taliya in zauna ina kallonta har ta huce. In buɗe littafi in karanta shafi ɗaya sau huɗu ban san me ya ce ba. Na fara fashin lakca, da farko ta safe kawai, daga baya har ta rana. Sau uku ina zuwa asibitin makaranta da ciwon ciki, ana ba ni maganin olsa ina dawowa. Ban ga laifin waɗanda suka duba ni ba, abin da na faɗa musu shi suka yi wa magani. Ban ce musu ina kuka a banɗaki kullum ba, don ban san cewa wannan ma abin faɗa wa likita ba ne.

A lokacin babu WhatsApp a hannunmu. Wata ƙaramar Nokia gare ni. Duk Juma'a sai in yi wa Umma filashin, ta sa katin naira ɗari ta kira ni. Hirar ba ta wuce minti biyu.

"Ke, kina lafiya?"

"Lafiya lau, Umma."

"Ya karatun?"

"Alhamdulillah."

"To, Allah ya yi albarka. Ga ƙannenki suna gaishe ki."

Wata tara muna wannan hira, kalma bayan kalma, ba ta taɓa canjawa ba.

Duk wadda ta tashi a gidan Hausa ta san abin da ke tsakanin uwa da ɗan fari. Umma ba ta taɓa kiran sunana ba, har yau da nake da 'ya'ya. Ba ta yaba ni a gaban mutane, ba ta zama ta yi doguwar hira da ni. Na san alkunya ce, na san tana sona, ban taɓa shakkar hakan ba. Amma wannan alkunyar ta sa ba mu da hanyar da magana mai nauyi za ta bi ta wuce daga bakina zuwa kunnenta. Ga kuma adashen. Duk lokacin da na yi niyyar in ce mata na gaji, sai in tuna har yanzu tana zubin kuɗin da ta kashe a kaina. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ni kuwa na riƙe wannan magana har ta kusa halaka ni.

Na dawo hutun ƙarshen shekara cikin azumin 2011, a watan Agusta. Kowa ya ce na rame, kowa kuma ya ce karatu ne da azumi. Umma ba ta ce komai ba. Washegari ta ɗauki jakata za ta wanke, sai ta tarar da garin kwakin da ta aiko mini a tsakiyar zango yana nan, ƙullin ƙuli-ƙulin ko kwance shi ban yi ba. Na manta ban rabar ba kafin in taho.

Bayan sahur, kowa ya koma ya kwanta, ina tsugune ina wanke kwanuka, ta zo ta tsaya a bayana kamar mai neman wani abu a madafi. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Ke, wai garin nan bai karɓe ki ba ne?"

Na buɗe baki zan ce lafiya lau, kuka ya riga ni. Ina jiran ta ce in yi haƙuri, kowa da haka ya yi karatu. Sai ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna ta ce, "Ajiye kwanon nan. Faɗa mini tun daga farko." Muna nan har aka kira assalatu. Wannan ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi da ita a rayuwata, kuma ko sau ɗaya ba ta katse ni ba.

Da Abba ne aka sha fama. Ba na so a ɗauke shi a matsayin uba mai taurin kai, domin ba haka yake ba. Mutum ne mai 'ya'ya shida da ɗan shago ɗaya. Ya biya kuɗin rajista da na ɗaki da na mota, ya gaya wa duk abokansa na kasuwa cewa 'yarsa tana jami'a. Da Umma ta kai masa maganar sai ya yi shiru, can ya ce, "Yanzu me zan ce wa mutane? Ta kasa?" Gwaggo da ta ji, cewa ta yi dama boko mai zurfi ba na kowace mace ba ne, a nemo mini miji a huta. Kwana uku Abba bai kira ni Mamana ba, kuma na ji zafin hakan fiye da duk wahalar da na sha a makaranta.

Umma ba ta yi jayayya da shi ba. Ta aika aka kira ƙaninta, Kawu, wanda ke koyarwa a sakandare, ta ce ya je ya gano mata yadda ake mayar da ɗalibi daga wata jami'a zuwa wata. Abin da ya dawo da shi ina so kowace uwa ta sani, don mu ba mu sani ba sai da lokaci ya ƙure.

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce tiransifa: ɗalibi ya gama aji ɗaya, ya nemi wata jami'ar ta karɓe shi ya ci gaba daga aji biyu. Ana cika fom a biya kuɗi, jami'ar da za a bari ta aika da cikakkiyar takardar sakamako kai tsaye, tare da shaidar cewa ba korar ɗalibin aka yi ba. Sai sashen da ake son shiga ya duba ko yana da gurbi, ko darussan da aka yi sun yi daidai da nasu, sannan hukumar jami'ar ta amince. Kowace jami'a da mafi ƙarancin makin da take karɓa. Makin nan shi ne CGPA, wanda a yawancin jami'o'inmu ake lissafa shi a kan 5: daga 4.50 daraja ta ɗaya ke nan, daga 3.50 ta biyu babba, daga 2.40 ta biyu ƙarama. Nawa 2.1 ne, ga darussa biyu da na faɗi. Kawu ya kai takarduna jami'ar da ke kusa da gida, aka duba aka ce masa ko kwas ɗin da nake yi ba za su karɓe ni ba, balle jinya, wadda hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ke ƙayyade yawan ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka.

Wato shekarar da na yi cikin damuwa ita ce ta lalata makin da zan yi amfani da shi in fita daga damuwar. Da an gane halin da nake ciki tun zangon farko, lokacin da makina yake da ɗan dama, wataƙila da labarin ya canja.

Hanya ta biyu ita ce a sake zana jarrabawar JAMB a koma aji ɗaya. Kawu ya zauna da Abba a zaure bayan tarawihi kusan awa biyu. Ban san duk abin da suka tattauna ba. Da safe Abba ya kira ni ya ce, "Mamana, sau ɗaya za a gwada. In Allah ya ba ki, shi ke nan. In bai ba ki ba, za ki koma inda kika fito ki ƙarasa." Na ce na yarda. Saboda wannan sharaɗi ne Kawu ya hana a janye ni gaba ɗaya. Ya sa na rubuta takardar neman jingine karatu na shekara ɗaya bisa dalilin rashin lafiya, don kada in rasa nan in rasa can.

Takardar tana buƙatar shaidar likita, kuma neman shaidar ne ya zama alheri gare ni. Likitar da ta gan ni ta yi mini tambayoyin da babu wanda ya taɓa yi mini: yaya barcina, yaya cin abincina, yaushe rabon da in ji daɗin wani abu, ko na taɓa jin gara a ce ba na raye. Ta ce abin da ke damuna ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, yana kuma da magani. Umma ta tambaye ta ko aljanu ne. Likitar ta ce mata a ci gaba da addu'a, a kuma riƙa zuwa asibiti. Haka aka yi. Na yi watanni ina shan magani ina zuwa ganinta, Umma na yi mini tofi a ruwa duk dare. A hankali barci ya dawo, abinci ya fara yi mini ɗanɗano.

Zaman gida na waɗannan watanni ba wasa ba ne. Wahalarsa ba ta wuce bakin mutane ba. Duk gidan biki ko suna sai an samu mai cewa, "Au, ba ki koma ba? Ko yajin aiki ake?" Wasu sun ce koro ni aka yi, wasu sun faɗi abin da ya fi haka muni. Umma amsa ɗaya take ba kowa: "Karatu take, tana ɗaki." Ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Na shiga ajin lesin da yamma, na koma kan Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, darussa huɗun da ake nema ga mai son jinya. A watan Maris na 2012 na zana jarrabawar, da fensir da takarda, don lokacin ba a koma kwamfuta ba. Na yi ta tantancewa ta jami'ar. Da sunana ya fito, Abba bai sayo tsire ba. Alwala ya yi ya shiga ɗaki, ya daɗe bai fito ba.

Ba na so in nuna kamar kyauta na samu wannan canji. Shekara biyu cur ya ci mini. Na koma aji ɗaya ina da shekara 21, ina zama benci ɗaya da yaran da na yi wa siniya a sakandare. Digirin jinya shekara biyar ne, ga yajin aikin malaman jami'a na 2013 da ya ɗauki kusan wata shida. Sai 2018 na gama. Kafin nan waɗanda muka fara tare a 2010 sun daɗe da gama hidimar ƙasa, wasu da aiki, wasu da goyo. Kuɗin da aka kashe a shekarar farko ya tafi, kuma ƙanina ya jira shekara guda kafin a iya biya masa nasa. Sabuwar makarantar ma ba aljanna ba ce. Na faɗi gwaji a darasin sassan jikin ɗan Adam, na yi kuka a kan tsayuwar dare a ɗakin marasa lafiya, na sha rana ina jiran mota. Bambancin shi ne na san dalilin da ya sa nake shan wahalar, kuma da dare akwai wadda za ta kalli fuskata ta san ko na ci abinci.

Haka kuma ba na cewa duk yaron da ya yi ƙorafi a kwaso shi a dawo da shi gida. A ɗakinmu na farko akwai wata da muka shiga tare, wadda a watan farko ta fi ni kuka. Kullum sai ta haɗa kayanta ta ce gobe za ta tafi. Kafin zango na biyu ta yi ƙawaye a masallacin makaranta, ta saba, ta gama da sakamako mai kyau, yanzu tana koyarwa. Nata kewar gida ce, kuma kewar gida tana raguwa yayin da makonni ke tafiya. Mai kewa tana cin abinci, tana zuwa aji, tana da labarin da za ta ba ki. Nawa kuwa ƙaruwa yake yi. A wajen aiki abin da muke dubawa ke nan: baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai da ya kai sati biyu ko fiye, kusan kullum, tare da canjin barci ko na cin abinci, kasala, rashin iya tattara hankali, da ganin kai ba a bakin komai ba. Sau da yawa yaranmu ba sa zuwa su ce suna cikin damuwa. Da ciwon ciki suke zuwa, da ciwon kai, da faɗuwar gaba. Nakan gan su a wajen aiki, musamman dab da jarrabawa, in tuna kaina a layin karɓar maganin olsa.

Don haka, 'yar'uwa, idan kina da ɗa ko 'ya a shekarar farko, ki rage tambayar "kina lafiya?" domin amsarta a shirye take tun kafin ki rufe baki. Ki tambaye ta me ta ci yau, da wa ta ci, ƙarfe nawa ta yi barci, wane darasi ne ya fi ba ta wuya, waye sunan ƙawarta. Idan wata uku ya wuce babu sunan mutum ɗaya da take ambata, ki lura. Ki nemi ganin sakamakon zangon farko da idonki, cikin lallami, don a nan ne ake da sauran lokacin gyara. Idan alkunya ba za ta bar ki ki yi wannan hira da 'yar farinki ba, ki wakilta ƙanwarki ko kawunta ko wata yayarta da take sakin jiki da ita. In ta kai ga maganar canja makaranta, a je ofishin harkokin karatu na jami'o'in biyu a tambaya baki da baki, kada a dogara da "an ce", kuma kada a janye yaro daga inda yake sai an riƙe wani gurbin a hannu. Wani lokacin ma canjin ɗaki ko canjin kwas a cikin makarantar ya isa.

Abu ɗaya ne ba ya jira. Idan yaro ya ce ya gaji da rayuwa, ko gara ya mutu, ko da cikin wasa ya faɗa, a je a ɗauko shi a kai shi asibiti, kada a tsaya sai an gama jarrabawa. Asibitocin koyarwa suna da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitocin tarayya na musamman a Kaduna da Kware da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka. Shekarar karatu ana iya maimaita ta, ni shaida ce.

Bara autarmu ta shiga jami'a, ita ma a wata jiha. Da ita Umma ba ta da alkunya, sunanta take kira gatsal. Ta sa jikokinta sun koya mata kiran bidiyo a WhatsApp, kuma duk dare bayan isha'i sai ta kira. Rannan ina gidan na ji autar tana cewa, "Wallahi Umma na ci abinci." Umma ta gyara zaman tabarau ta matso da wayar kusa da fuskarta ta ce, "Ban yarda ba. Juya wayar ki nuna mini tukunyar."

Na yi dariya har da hawaye. Umma ta waiwayo ta harare ni ta ce, "Ke kuma fa?" Na ce babu komai. Allah ya saka wa iyayenmu da alheri, ya ba mu ikon lura da namu.